Gumaguman Inna

Ranar da muka je ɗauko Inna daga ƙauyenmu, bayan ta fita takaba, sharaɗi ɗaya ta kafa mini a gaban ƙannena. Ta ce za ta zo Suleja ta gani. In wuri ya karɓe ta, ta zauna. In bai karɓe ta ba, ranar da ta ce za ta koma kada wanda ya riƙe mata zani. Na amsa da sauri, don a raina na gama yanke hukunci: wa zai bar gida mai famfo da fanka, ga asibiti a kusa, ya koma ɗakin ƙasa ya zauna shi kaɗai? Ni ne babba, ni ne kuma na fi kowa ɗaga murya cewa ba za a bar ta can ba. Ina son ta zauna a wurina, so na gaskiya, ko da yake ban raba shi da ɗan son a ce ai tsohuwa tana wurin wane ba.

Gidan da nake haya ɗaki biyu ne da falo, sai wani ɗan fili a baya mai ƙofar langa-langa da ke fita lungu. Aikina a Abuja yake. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a yi mata latti. Ana idar da sallar asuba nake neman mota, in ba haka ba cunkoson Madalla da Zuba ya cinye mini safiya, dawowa kuwa sai bayan magariba. Maiɗakina malamar makaranta ce, ita ma da safe take fita, kuma lokacin Allah bai ba mu haihuwa ba. Wato dai mun raba tsohuwa da garin da ta san kowa, mun kawo ta mun ajiye ta ita da talabijin.

Makonnin farko sun ba ni tsoro. Nakan dawo in same ta inda na bar ta, a kan tabarma a gefen kujera, carbi a hannu, abincin da aka ajiye mata ta ɗan taɓa ta rufe. Murhun gas kuwa ko kusa da shi ba ta zuwa. Ta ce wutar da ba a ganin abin da take ci, ita ba ta yarda da ita ba. Sai wata rana na dawo na tarar ta jera duwatsu uku a filin baya, ta tsinto ƙirare a lungu, tana tuƙa tuwo a tukunyar da maiɗakina ta fi ji da ita, gindin tukunyar ya yi baƙi ƙirin. Maiɗakina ta dube ni, na dube ta, muka haɗiye. Ranar Inna ta ci tuwo har da ƙari.

Itace ta fara saye ne a hannun wata dattijuwar Bagwariya daga wajen Maje, wadda ke bin lungunmu da kayanta a kafaɗa. Hausar matar gurguwa ce, Inna kuwa ko kalma ɗaya ta Gwaranci ba ta ji, amma ban san yadda aka yi ba suka ƙulla. Ita ce ta kawo mata labarin an sayar da wata gona a wajensu za a yi gidaje, an kayar da wata tsohuwar ƙirya da ta daɗe da mutuwa a tsaye. Tun zuwanta Inna ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan: a samo mata gumaguman ƙiryar. Na ɗauki hayar a-kori-kura aka kwaso gumaguman, aka jibge su a jikin katanga. Kowanne ya kusa kaurin turmi, sun bushe ƙamas, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ka bugi ƙarfe.

Tun ranar na ce a kira mai faskare. Ta ce a'a. Yadda take yi shi ne, ta tura kan gungume ɗaya cikin murhu, ta yi girkinta da ƙirare a gefensa, in ta sauke ta ja shi baya kaɗan ta rufe bakin da toka. Haka zai wuni yana ci a hankali, ya kwana, wani siririn hayaƙi na tashi. Da safe ta ture tokar ta hura, sai ga shi jajawur. Gungume ɗaya sai ya ɗauke ta kwana da kwanaki. Tun ashanar da ta ƙyasta ranar farko, wutar nan ba ta sake mutuwa ba.

Hayaƙi kuwa ba ya ɓuya a unguwa. Wadda ta fara leƙowa amaryar gidan da ke kallonmu ce, 'yar Kano, mijinta ma a Abuja yake wuni kamar ni. Ta gaji da ƙona leda tana fifita gawayi kafin ta sa turare, sai ta shigo da kaskonta ta roƙi garwashi. Bayanta sai wata tela, 'yar ƙabilar Ibo, mai shago a bakin lungu, wadda in an ɗauke lantarki take zuwa da dutsen gugarta na gawayi. Tun daga ƙofa za ka ji ta: "Mama, ina kwana, abeg ka ba ni wuta small." Mai gasa masara ma ta gano wurin. Bagwariyar kuwa in ta gama talla nan take sauke gajiya, ta ɗauki garwashi da yatsunta ta ɗora a lofenta.

Inna tana da dabara. Ba ta ba ka wutar nan take. Sai ta ce a bari ya kama sosai tukuna, ta tura maka kujera da ƙafa, ta tambayi yara, ta tambayi jiki. Mu Hausawa in baƙo ya zo bai zauna ba mukan ce kamar ya zo ɗiban wuta, to a wurin Inna masu ɗiban wuta su ne suka fi kowa daɗewa. Ta koya wa amarya yadda ake kaɗa kuka ba ta yi gudaji ba. Telar ta dinga kawo mata ƙyallaye Inna tana haɗa faifan rufe kwano da su, ko me take yi da su oho. Muryarta ta dawo. In na shigo da yamma ita ke ba ni labarin unguwar da na yi shekaru a cikinta ban san wa ke maƙwabtaka da ni ba: wanda aka ƙara wa haya, wadda ɗanta ke haƙori, wanda aka sauya wa wurin aiki.

Ba zan ce ban ga duk wannan ba. Ina gani ranar Asabar, kuma haushi yake ba ni. Asabar ce kaɗai ranar da nake rama barci, amma gari na wayewa sai ƙwanƙwasar langa-langa, sai sallama, sai dariya a bayan tagata. Kayan aikina duk suka ɗauki warin hayaƙi, har wani abokin tafiyata ya tambaye ni a cikin mota, a gaban mutane, ko na fara sana'ar tsire ne. Wakilin mai gida ya zo ya tsaya yana kallon katangar da ta yi baƙi, sannan ya juya ya tafi, na kuwa fahimta.

Sannan ga tari. Wannan kam ba ƙirƙirarsa na yi ba. Inna takan yi tari har ta dafe ƙirji, idanunta kullum cikin ruwa. Na kai ta asibiti, likita ya saurari ƙirjinta, ya tambayi da me take girki, ya ce lallai a raba ta da hayaƙi. Na fito da damuwa ta gaske. Amma ƙarya nake in na ce ban ji wani ɗan daɗi a ƙasan damuwar ba, don na sami abin da zan kafa hujja da shi.

Da muka dawo gida na zauna a gabanta na yi mata bayani irin na 'yan boko, dalla-dalla.

"Inna, ba cewa na yi ki daina girki ba. A faskara su kawai. Faskare nan da nan yake kamawa, ya ci da harshe ba hayaƙi, ki gama ki kashe ki huta."

"Ɗanyen icce ake faskarawa don ya sha iska," in ji ta. "Wannan me ya rage masa?"

Na ce hayaƙinsa ne ke sa ta tari. Ta ce tari ai tun Malam, mahaifinmu, na da rai take yinsa. Sai ta kawar da kai ta ce, "Ka bar mini su yadda suke."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ɗauke shi taurin kan tsufa. Maiɗakina ta ja ni gefe ta ce in bi a hankali, wutar nan ba ta girki kaɗai ba ce. Na ce mata to in tarin ya kwantar da ita, amarya ce za ta yi jinya ko tela? Ta juya ta koma ɗaki. Ina da irin wannan bakin mai toshe wa mutum hanya, kuma na daɗe ina ɗaukarsa hankali ne.

Wata Asabar aka yi suna a dangin amarya a can cikin gari, maiɗakina ta raka Inna. Suna fita na aro gatari. Na ɗaga na sara, gatarin ya yi tsalle ya dawo kamar zai tsaga mini goshi, gungumen ko gezau. Busasshiyar ƙirya ba abokiyar wasan mai riƙe biro ba ce. Na yi ta fama har tafin hannuna ya yi bororo, abin da na ɓantaro bai isa dafa shayi ba. Da mai hankali ne da ya ɗauki wannan ishara ya mayar da gatarin mutane. Ni kuwa sai abin ya koma mini zuciya. Na fita bakin titi na tsayar da masu faskare biyu da gaturansu a kafaɗa. Suka dubi tulin suka tambaye ni ko duka. Na ce duka.

Sun yi aikinsu, gumi na tsiyaya, tun hantsi har la'asar. Saura wanda ke cikin murhu, rabinsa ya ci. Da hannuna na jawo shi, na ɗebo ruwa a bokiti na kwara masa. Ya yi wata ƙara, tururi ya tashi, na tura musu shi ma. Sannan na jera faskaren a jikin katanga tsaf, na share filin, na kwashe tokar na zubar. Na tsaya ina kallon aikina kamar wanda ya gina masallaci.

Inna ta shigo da ƙullin cincin ɗin suna a hannu. Ta tsaya a tsakiyar filin ta dubi jerin itacen, ta dubi murhun da aka share ƙal. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi ba.

"Har na cikin murhun?" ta tambaya.

Na ce e.

Ta ce, "Sannu da aiki." Sai ta juya wurin maiɗakina ta ce ta ba ta aron ashana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai har yau shi ne, maganata ta tabbata. Hayaƙi ya ragu ƙwarai. Ba a daɗe ba tarin ya lafa, idanunta suka washe, tana barci ba ta farkawa. Na buga wa ƙannena waya ina ba su labari, ina cewa tsofaffi sai da dabara. Na lura ta rage magana, labaran unguwa sun ƙafe, amma na ce fushi ne, zai wuce. Asabar ta zama tawa, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa, na yi ta barcina har rana ta take.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni a gida wata ranar aiki. Maiɗakina ta ba ni magani ta tafi makaranta. Wajen hantsi na farka, na ɗaga labule kaɗan, sai na hango Inna a gaban murhu. Ta gama girki tuni, ta sauke, ta wanke tukunya ta kife. Amma wuta na ci, ba komai a kai. Tana zaune cikin rana, in faskare ɗaya ya kusa cinyewa sai ta miƙa hannu ta ɗauko wani ta tura. Ta gwada rufe garwashin da toka, amma ƙanana ne, ba su da jikin da za su riƙe wuta, in ta tashi ta yi alwala ta dawo sai ta tarar sun yi fari. Duk takun da aka yi a lungu sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Na duba jikin katanga, jerin da na yi alfahari da shi ya zabge fiye da rabi.

Ba wanda ya zo. Da aka kira azahar ta bar wutar ta mutu, ta dafa gwiwa ta miƙe. Na saki labulen na koma na kwanta, na yi kamar barci nake. Kunya ta hana ni fita in ce mata ko sannu.

Da yamma na tambayi maiɗakina, ta faɗa mini abin da da na tambaya tun farko da na ji. Kwanakin farko matan sun zo kamar yadda suka saba, suka tarar da toka mai sanyi. Inna ta dinga ba su haƙuri kamar ta yi musu laifi, har su ma suka ji nauyi. Telar ta koma ɗiba a wurin mai shayin bakin titi. Amarya ta sayi abin turare na lantarki. Na ce to ai zumunci ba sai da wuta ba, me ya hana su shigo su gaishe ta kawai? Maiɗakina ta dube ni kamar baƙo. Ta ce amarya da wace hujja za ta riƙa fita daga gidan mijinta kullum tana shiga gidan wani? Tela ta rufe shago ta zo hira haka kawai? Ita kuma Inna ba za ta shiga gidan mutanen da ba danginta ba hannu rabbana, ba a aike ta ba, ba ta kawo komai ba. Wutar ce dalilin kowa.

Asabar ta gaba ban yi barci ba. Na tafi Maje neman gumagumai, na tarar inda aka sare ƙiryar duk an ja harsashin gini, sai bulo da yashi. Na sami Bagwariyar, ta nuna mini abin da take samu yanzu, 'yan sirara kamar sandar makiyayi, ta watsa hannu. Na wuce Diko, na gangara Sabon Wuse, ina tsayawa duk inda na ga itace a bakin hanya. Ɗaurin faskare da buhunan gawayi kam ga su nan ko'ina, amma gungume busasshe babu, don masu gawayi ba sa bari ya kwana. Daga ƙarshe na sami wasu na mangwaro da aka sare ba da daɗewa ba, na sa aka loda mini su.

Inna ta fito ta zagaya su, ta sa farce ta ɓantari ɓawon ɗaya, ruwa ya fito. Ta yi mini godiya sosai. Ta ce waɗannan ɗanyu ne, ba za su ci wuta ba sai baɗi. Ba da gatse ta faɗa ba, da ma da gatsen ne da na fi samun sauƙi.

Ba a yi nisa ba ta kira ni bayan sallar magariba, ta ce damina ta kusa, ɗakinta na can yana buƙatar yaɓe, tana so ta koma. Na buɗe baki zan kawo maganar asibiti da famfo, sai na tuna ni ne na amsa sharaɗin nan a gaban ƙannena. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ni na ɓata mata zama.

"Me ka yi?" in ji ta. "Lafiyata ka nema. Ga shi kuwa tarin ya tafi. Allah ya yi maka albarka."

Na so a ce zagina ta yi. Albarkar nan ta fi kowace baƙar magana nauyi a wuyana, don na san ba lafiyarta kaɗai na nema ba, na nemi barcin Asabar ɗina da ƙamshin rigata, na laɓe a bayan likita. Ni da kaina na mayar da ita. Amarya ta fito rakiya har bakin mota tana share hawaye, telar ta kawo mata ɗinkakken zani, ni ina tsaye riƙe da jaka ban iya haɗa ido da ɗayansu ba.

Yanzu waya ce tsakaninmu. Ƙanena da ke kusa da ita ya ce tun satin da ta koma ta sa aka jawo mata wani kututture daga gona, kuma tarin ya dawo, ya ma fi na da. Wata rana da rana tsaka na fita daga ofis na kira ta, na shirya maganata tsaf: ta zo ko na wata ɗaya ne ta ga likita. Muna cikin gaisuwa na ji sallamar wata mata daga can nesa.

"Bari," in ji Inna, "ga wata ta zo ɗiban wuta."

Ta ajiye wayar a kan tabarma ba ta kashe ba, don har yau ba ta iya ba. Ina jin ta tana ture toka, tana hurawa. Tari ya sarƙe ta, dogo, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji, matar tana ta jera mata sannu. Da ya lafa sai na ji ta tana dariya, tana cewa a bari ya kama sosai tukuna. Na tsaya a cikin rana da waya a kunne, maganar likita na bakina, har na ji ƙarar kujerar da ta tura wa matar. Sannan na kashe.